Nana Asma'u 'Yar Shehu, Malamar Da Ba Ta Manta Da Mutanenta Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara Hubbaren Shehu a birnin Sakkwato ya san cewa ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kaɗai ke kwance a wurin ba. Kusa da shi akwai kaburburan waɗansu daga cikin iyalinsa, daga cikinsu har da na 'yarsa Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta. Sunanta ya bazu ƙwarai, an raɗa shi ga makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'i, kuma kusan kowa ya san malama ce mawallafiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wani kaso mai yawa na waƙoƙinta marsiyyoyi ne, watau waƙoƙin ta'aziyya da tunawa da waɗanda suka riga ta gidan gaskiya. A cikinsu ne halinta ya fi fitowa fili.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a kira ta Hassana ko Usaina, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah da mahaifinta guzuri a lokacin Hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, saboda haka a hannun sauran matan Shehu ta tashi, musamman A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Gidan kuwa gidan karatu ne, maza da mata. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa har tana wallafa da kowannensu, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da shekara goma sha ɗaya a duniya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin 1804. Daga nan sai yaƙi ya ɓarke. An yi nasara a Tabkin Kwatto, sa'an nan aka sha wuya a Tsuntsuwa, inda aka rasa jama'a masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. Yunwa da ciwo suka biyo baya, ana ta ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan har aka zauna a Gwandu. Yarinyar da ta ga wannan duka da idonta ta san mutuwa tun kafin ta san aure. A wajen 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirinsa. Alkalawa ta faɗi cikin 1808, aka kafa Sakkwato cikin 1809, can kuma ta yi mafi yawan zamanta.

Shekarar 1817 ta zo mata da nauyi. A cikinta Shehu ya rasu, kuma ba a daɗe ba tagwaininta Hassan ya bi shi. Aikin da ta sa gaba bayan wannan rashi shi ne tattara littattafai da waƙoƙin mahaifinta, waɗanda suka sha yawo a cikin gafakoki bisa bayan raƙuma da dawaki tun zamanin hijira. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a lokacin da takarda take da tsada, kowane littafi kuma da hannu ake kwafe shi, ga gara, ga ruwan sama, ga gobara. Ta kuma juya waɗansu waƙoƙin Shehu daga Fillanci zuwa Hausa domin jama'a su amfana. Mafi shahara a cikinsu ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda take gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa game da zalunci da cin haƙƙin mutane.

Allah Ya ba ta tsawon rai, tsawon rai kuwa yana tafe da yawan ta'aziyya. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu cikin 1829, ta yi masa marsiyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno cikin 1837, wannan rashi kuwa ya girgiza ta fiye da kima, domin Bello wanta ne, malaminta ne, kuma shi ne wanda take komawa gare shi da tambayoyinta na ilmi. Ta yi masa waƙar kuka da Fillanci, ba ta ɓoye kaɗaicin da ta shiga ba. Bayan hankalinta ya kwanta sai ta sake yin wata, wadda ta keɓe ga bayanin halayensa: yadda yake tsare dukiyar jama'a, da yadda yake karɓar baƙi, da yadda yake tsayawa kan gaskiya. Ta farko domin zuciyarta ce. Ta biyu kuwa domin waɗanda za su hau gadon bayansa ne, su ji irin ma'aunin da za a auna su da shi.

Ita da mijinta Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta tarihin abin da suka gani. Shi ya wallafa Raudul Jinan a kan Shehu da jama'arsa, ita kuma ta tsara tarihin hijira da jihadi a cikin waƙa, ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yadda mai haddacewa zai riƙe su ko da bai iya karatu ba. Sun yi zaman aure fiye da shekara arba'in. Da ya rasu ta yi masa marsiyya, abin sha'awa kuma shi ne abin da ta zaɓa ta ambata. Giɗaɗo mutum ne da ya jagoranci runduna, ya kai saƙonnin Sarkin Musulmi zuwa ga sarakunan gabas, shi ne kuma ya sauki Baturen nan Kilafatan a Sakkwato. Amma abin da matarsa ta fi tunawa shi ne kula da gyaran masallaci da ƙofofin gari, da saukar baƙi, da riƙon zumunci da dangin Shehu.

Marsiyya ga sarki ko babban malami ba baƙon abu ba ne a adabin Larabci ko na Fillanci, malamai da yawa sun yi. Inda Nana Asma'u ta bambanta shi ne ta yi wa mutanen da babu marubucin tarihin da zai tsaya ya rubuta sunansu. Akwai wata maƙwabciyarta mai suna Halima. Ba 'yar sarauta ba ce, ba a kuma san ta da wallafa ba. Da ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙa, ta ambaci hankalinta da haƙurinta, da yadda take son yara da manya, da yadda take gyara tsakanin dangi idan zumunci ya nemi lalacewa. Akwai kuma Zaharatu, wadda take zuwa wurin mata idan naƙuda ta kama su, take koya wa jahilai addini, kuma duk sa'ad da aka kira ta wankan gawa ba ta nawa. Duk wanda ya zauna cikin unguwa ya san irin waɗannan mata. Su ake bugun ƙofarsu da tsakar dare, su ne kuma ba a cika tunawa da su ba idan gari ya waye. Ga shi yau, bayan shekaru fiye da ɗari da hamsin, an san sunan Zaharatu da aikinta, alhali attajirai da masu sarauta da yawa na zamaninta sun ɓace ba labari.

Haka ta yi wa shaƙiƙiyarta Faɗima, wadda ta yaba da ciyar da baƙo da ɗan gida da kashe wutar husuma. Haka ta yi wa ɗan'uwanta Buhari. Amma babu rashin da ya sa ta zubar da hawaye a takarda kamar na A'ishatu 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, wadda ta rasu a wajen 1855. Tare suka tashi, tare suka sha wahalar hijira, tare suka tsufa. Waƙa biyu ta yi mata. A ciki ta bayyana cewa hawaye ba laifi ba ne a shari'a, abin da aka hana shi ne kururuwa da ihu. Wannan kuwa shi ne hukuncin da malamai suka tabbatar, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma ya zauna yana ambaton Nana Hadiza da alheri shekaru bayan rasuwarta, har yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Malama ce, ko cikin kuka sai da ta karantar.

Mai lura zai ga cewa a cikin waɗannan waƙoƙi ba ta cika yabon mutum da asali ko dukiya ko kyawun sura ba. Abin da take kirgawa shi ne haƙuri, da kyauta, da sulhu, da kula da marayu da gajiyayyu, da sakin fuska ga maƙwabci. Dalilin haka a fili yake. Waƙoƙin ba domin a ajiye su cikin gafaka aka yi su ba, rera su ake yi a tsakar gida, mata suna ji suna haddacewa. Matar da ta ji an yabi Halima saboda sulhunta dangi ta san abin da ake nema daga gare ta, ba tare da an zaunar da ita an yi mata faɗa ba.

Wannan ya kai ga babban aikinta, watau 'Yan Taru. A zamanin Bello jama'ar daula ta ƙaru ƙwarai da mutanen karkara da waɗanda aka kamo a yaƙe-yaƙe, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Da yawansu mata ne masu jin Hausa kaɗai, waɗanda suka tashi cikin bori, kuma a ƙasar Gobir Inna ce shugabar bori, mace mai ƙarfin faɗa a ji. Hana bori da baki abu ne mai sauƙi, amma macen da ɗanta ke ciwo, ko kishi ya hana ta barci, tana bukatar wurin da za ta kai kukanta. Nana Asma'u ta gane haka. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana daga garuruwa, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Kowace jaji takan taho Sakkwato da ayarin mata, yawanci tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, tun da matan aure suna ɗaure da hidimar gida. Sukan zo da ɗan abin da suka samu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zane, ita kuwa takan raba shi ga makafi da guragu da sauran mabukata. Su kuma su koma da karatu.

Karatun ba mai nisa ba ne daga rayuwar yau da kullum. Ana koya musu alwala da salla da azumi, da tsabta, da haƙƙin miji da na maƙwabci, da nisantar gulma da sata da maita da rantsuwar ƙarya. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani cikin gajeruwar waƙa domin sauƙin riƙewa. Ta yi Goɗaben Gaskiya da Hausa a kan aikin da ke kai mutum ga tsira da wanda ke kai shi ga halaka. Ta yi Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da matan gidan Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ido da ido. Da Larabci kuma ta wallafa Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i, domin malamai su sami abin da za su ba mai ciwo maimakon ya nufi gidan bori.

Su ma jajin ba ta manta da su ba. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya, ta tuna yadda take jagorantar mata zuwa wurinta shekara da shekaru, da rani da damina, ba don neman abin duniya ba. Ta haɗa da addu'a ga dukan matan da suka taɓa takowa cikin wannan ayari.

Sunanta ya kai nesa tun tana da rai, har malamai daga ƙasar Shingiɗi, cikin Muritaniya ta yau, sun yi musayar rubutu da ita. Ta ci gaba da wallafa har tsufanta, abin da ya iso ga mutanen yau daga ayyukanta ya kai wajen sittin. Ta rasu cikin 1864 tana da shekara saba'in da ɗoriya. Ƙanenta Isa, wanda ya daɗe yana juya waƙoƙinta zuwa Hausa, shi ya yi mata marsiyya. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauki ragamar 'Yan Taru, aikin kuma ya ci gaba har bayan zuwan Turawa cikin 1903.

Sarautar Wazirin Sakkwato ta zauna a zuriyarta da Giɗaɗo, rubuce-rubucenta kuma suka zauna a gidan. Waziri Junaidu, wanda ya rasu cikin 1997, jikan ɗanta Ahmadu ne, shi ne kuma ya buɗe taskar gidan ga wata Baturiyar Ingila mai suna Jin Boyid, wadda ta koyar a Sakkwato shekaru da dama. Ta buga tarihin Nana Asma'u cikin 1989, sa'an nan cikin 1997 ita da wata malama Ba'amurkiya suka buga tarin ayyukanta a littafi guda, har da waƙar Halima da ta Zaharatu da ta jaji Hauwa'u.

Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan waɗanda ta ambata, amin.