Jan Dzierzon: Limamin cocin da ya gano namijin ƙudan zuma ba shi da uba

A ranar 26 ga Oktoban 2006 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa taswirar ƙwayoyin gadon ƙudan zuma. Ranar ta zo daidai da cika shekara 100 da rasuwar Jan Dzierzon, limamin cocin ƙauye wanda abin da ya gano tun 1845 ya sauƙaƙa wa masu binciken aikinsu.

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1811 a ƙauyen Lowkowice na yankin Silesiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Prussia, yau kuma yana cikin Poland. Ɗan manoma ne. Ya yi karatun addini a Breslau, aka naɗa shi limamin Katolika a 1834, bayan shekara guda aka tura shi Karlowice, inda ya duƙufa kan kiwon zuma.

A wancan zamani ba a ganin cikin amya sai an fasa saƙa. Dzierzon ya gyara amyar da sanduna a samanta, zuma ta riƙa yin saƙa a jikinsu, shi kuma ya ciro ya duba ya mayar. Ta haka ya lura da wani abin mamaki: sarauniyar da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba tana yin ƙwai, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa, amma maza kaɗai ke fitowa. Sai ya yanke cewa sarauniya na ajiye maniyyi a wata 'yar jaka a cikinta. Ƙwan da ya samu maniyyin ya zama mace, wanda bai samu ba ya zama namiji. Wato namijin zuma ba shi da uba, amma yana da kaka namiji ta wajen uwa.

Da ya buga wannan a 1845, masu kiwo da dama sun ƙi yarda. A 1853 ya samo zumar Italiya mai ratsin rawaya, ya haɗa ta da baƙar zumar yankinsa. Sarauniyar Italiya da baƙin namiji ya hau ta haifi ma'aikata ruwa biyu, amma 'ya'yanta maza suka fito 'yan Italiya tsantsa. A 1855 masani Karl von Siebold ya sa ƙwan a madubin ƙara girma, ya ga maniyyi a ƙwan ma'aikata, bai ga komai a na maza ba.

Da coci ma bai zauna lafiya ba. Ya ƙi amincewa da aƙidar cewa Fafaroma ba ya kuskure a hukuncin addini, aka kore shi a 1873, shekara guda bayan Jami'ar Munich ta ba shi digirin girmamawa. Sai a 1905 suka sasanta, ya rasu a ƙauyensu yana da shekara 95.

Daga baya aka gano mace na da kuromosom 32, namiji 16 kacal, duk daga uwa. Tunda kwafi ɗaya yake ɗauke da shi, karanta gadonsa ya fi sauƙi, kuma da mazan da sarauniya guda ta haifa aka yi aikin 2006. An fara ƙirga ƙwayoyin gado kusan 10,000, sake nazari a 2014 ya kai su fiye da 15,000.

Ɗaya daga cikinsu, mai suna csd, da aka gano a 2003, ta nuna bayanin Dzierzon bai cika ba. Sai ƙwai ya samu nau'i biyu mabambanta na wannan ƙwaya yake zama mace. In uwa da uba suka ba shi iri ɗaya, kamar yadda kan faru idan dangi na kusa suka haɗu, namiji ne zai fito duk da yana da uba, ma'aikata kuma su cinye shi tun yana tsutsa.