Marigayi Malam Aminu Kano: Shugaban Kwalejin Maru Da Ya Fifita Gaskiya A Kan Albashi

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa, muna salati ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar Malam Aminu Kano, Allah Ya ji ƙansa. Yawancinmu a nan Gure da sauran ƙasar Damagaram mun san shi ne a matsayin ɗan siyasa. Amma kafin siyasa malamin makaranta ne, har ya shugabanci kwalejin horar da malamai, kuma a wannan kujera aka fara gwada shi. Ba jam'iyya muke tallatawa ba, darasin amana muke nema.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Genawa waɗanda aka sani da ilimin fiƙihu. A gida ya fara karatun Alƙur'ani da Larabci, sa'an nan ya shiga makarantar Shahuci, da Midil ta Kano, da Kwalejin Kaduna. A 1942 ya kama aikin koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan suka riƙa zaman tattaunawa a kan halin da talakawa ke ciki a hannun Turawa da hukumar En'e. A 1946 aka tura shi Landan ƙarin karatu a fannin koyarwa, kuma bayan dawowarsa ya tsaya tsayin daka wajen kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa.

Zamanin kuwa na girgiza ne. An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojoji sun dawo gida da buɗaɗɗen ido, jama'a sun fara tambayar dalilin haraji da jangali da aikin tilas. A ɓangarenmu ma haka abin yake, domin a 1946 Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, kuma a wannan shekara aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako.

Cikin wannan yanayi aka ɗauke Malam Aminu daga Bauci aka ba shi shugabancin kwalejin horar da malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato, wadda yau take cikin Jihar Zamfara. A zahiri ƙarin girma ne, amma mutane da yawa sun fahimci cewa nesanta shi ake son yi da birane, ko a samu bakinsa ya yi sanyi. Bai yi sanyi ba. A ganinsa, ɗalibin da ke gabansa gobe shi zai tsaya gaban yaran ƙauye, saboda haka idan aka koya masa tsoro, tsoro zai koyar, idan kuwa aka koya masa neman hujja, ita zai gadar. Ya kuma damu ƙwarai da makarantun allo, yana neman a gyara tsarinsu, yaro ya san ma'anar abin da yake karantawa, ya iya lissafi da rubutu, ba tare da ya rabu da Alƙur'ani ba.

A 1949 wani matashin malamin Larabci, Malam Abubakar Mahmud Gumi, ya zo koyarwa a Maru. A lokacin ne aka yi taƙaddama a kan limamin garin da ke yin taimama alhali ga ruwa, har maganar ta kai Sakkwato. Wannan ya nuna irin iskar da ke kaɗawa a makarantar: malamai da ɗalibai sun fara auna al'ada da ma'aunin littafi. Shi kansa Malam Aminu, idan ya soki zaluncin masu sarauta, ba daga littattafan Turawa kaɗai yake ɗauko hujja ba. Yakan koma ga koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi a kan adalcin shugaba da haƙƙin talaka.

Daga bisani ya ga cewa ba zai yiwu ya ci albashin hukuma, kuma ya faɗi dukan abin da ya yi imani da shi a kanta ba. A watan Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya ajiye aikinsa. A zamanin da masu irin takardarsa ba su da yawa a Arewa, ya bar kujera da albashi tabbatacce, ya koma Kano ya rungumi rayuwar da magoya bayansa suka sha ɗauri da bulala a cikinta. Kalmar sawaba da suka riƙe ta tsallako iyaka, har ta zama sunan jam'iyyar Jibo Bakari a Nijar.

Sauran tarihinsa sananne ne. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a gwamnatin Janar Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979 a jam'iyyar PRP, wadda gwamnoninta suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna. Duk da haka bai bar karantarwa ba: ya yi tafsiri cikin watan azumi, ya ƙarfafa makarantun Islamiyya, ya nace a kan ilimin mata. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, bai bar dukiyar da za a nuna ba.

To, 'yan'uwa, a cikinmu akwai shugabannin makarantu da madarasa, akwai malaman allo, akwai iyaye. Kowa a cikinmu an ba shi kiwo, kuma za a tambaye shi. Shin yaran da ke hannunmu muna koya masu faɗin gaskiya cikin ladabi, ko shiru don tsoron mai iko? Idan amana da albashi suka yi karo, wanne za mu saki? Malam Aminu mutum ne, yana daidai yana kuskure, amma a ranar da aka gwada shi ya nuna abin da ya fi daraja a wurinsa.

Allah Ya gafarta masa, Ya yafe kurakuransa, Ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon riƙe amana. Amin.