Øjvind Winge, Uban Nazarin Gadon Yisti

Duk wanda ya taɓa ganin ƙullin burodi yana kumbura ya ga aikin yisti, ko da bai san mai aikin ba. Yisti wata 'yar halitta ce daga dangin naman gwari, ƙwaya ɗaya tak, wadda sai an jera kamar ɗari biyu kafin su cika milimita guda. Mutumin da ya fara buɗe ƙofar nazarin gadonta shi ne Øjvind Winge, masanin tsirrai na ƙasar Danmak. Kafin a shiga tarihinsa, ya kamata mai karatu ya riƙe kalmomi biyu. Ƙwayar gado ita ce umarnin da halitta ke gāda daga iyaye game da wata siffa ko wani aiki. Zaren gado kuwa, watau kuromosom, shi ne abin da waɗannan ƙwayoyi ke jere a kansa, kamar duwatsun wuya a tsarkiya.

An haifi Winge a birnin Aarhus ran 19 ga Mayu, 1886. Da ya shiga Jami'ar Kofenhagen, karatun shari'a ya fara, amma bai daɗe ba ya bar shi ya koma ilmin tsirrai, ya ƙare a 1910. Ya ƙaro ilmi a Sitokholm da Faris da Cikago, sa'an nan ya yi aiki a ɗakin bincike na Carlsberg, wanda mai kamfanin giya na wannan suna ya kafa. A nan ne tun 1883 Emil Christian Hansen ya fara raino yisti tsantsa daga ƙwaya guda.

Kundin digirinsa na dakta, wanda ya fito a 1917, a kan yawan zaren gado yake. Ya lura cewa a wasu dangogin tsirrai adadin yana tafiya ninki-ninki, alal misali 9, 18, 27, 36. Sai ya kawo ra'ayin cewa in jinsi biyu suka yi barbara, kana zaren ɗan da suka haifa ya ninka, to, sabon jinsi mai haihuwa na iya fitowa. A 1925 wasu masana biyu a Amurka, Clausen da Goodspeed, suka tabbatar da haka a jikin taba. A 1921 aka naɗa shi farfesa a Kwalejin Aikin Gona da Likitancin Dabbobi ta Kofenhagen, inda ya yi suna da nazarin launin wani ƙaramin kifi da ake kira gufi, ya nuna cewa wasu launuka daga uba suke bi zuwa ɗa namiji kurum.

A 1933 ya koma Carlsberg a matsayin shugaban sashen nazarin aikin jikin halittu, yana da shekara 47. A nan ne aikin da ake tunawa da shi ya soma. A 1935 ya bayyana yadda rayuwar yisti ke juyawa: ƙwayar da ke cikin wadata tana ɗauke da zaren gado bibbiyu, tana yaɗuwa ta hanyar toho, in yunwa ta same ta, sai ta zama 'yar jaka mai 'ya'ya huɗu, kowane ɗa da zare ɗaiɗai, in biyu suka haɗu, sai a koma bibbiyu. Ashe yisti yana aure, kuma in haka ne, ana iya yi masa barbara kamar yadda Mendel ya yi wa wake.

Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi. Dole ne a fasa jakar, a ware 'ya'yan huɗu ɗaya bayan ɗaya, a raini kowanne daban. Winge da mataimakinsa Otto Laustsen suka ƙware da yin haka da allurar gilas mai tsananin siriri, suna duba ta madubin ƙara girma. A wancan zamani ba a san sinadarin narkar da bangon jakar ba, sai a 1959 aka fara amfani da ruwan cikin dodon koɗi. Saboda haka da tsinin allura ake fasawa, hannu in ya yi rawa kaɗan aikin yini ya lalace. Ladan wahalar shi ne, mai bincike yana ganin rabon gado ƙuru-ƙuru: in iyaye sun bambanta a ƙwayar gado guda, 'ya'ya biyu su bi wannan, biyu su bi wancan.

Sai dai ba kullum lissafin ke fitowa biyu da biyu ba. Daga 1948, shi da wata Ba'amurkiya, Catherine Roberts, suka bi diddigin yadda yisti ke cin maltos, watau sukarin tsiron hatsi. Wata jaka ta ba da uku da ɗaya, wata ta ba da huɗu duk masu ci. Suka gano dalili: ƙwayoyin gado da yawa ne ke wannan aiki guda, a wurare dabam-dabam, kuma kowace ɗaya ta isa. Yisti na iya rasa ɗaya bai ji a jikinsa ba, muddin akwai wata. A ganina wannan shi ne mafi nauyin abin da ya bari, ko da yake ba shi aka fi ambata ba.

Wannan sani ne kuma ya jefa shi cikin jayayya mai zafi da Carl Lindegren na Amurka, wanda ya gano a 1943 cewa yisti yana da jinsin aure iri biyu. Lindegren ya dage cewa wani lokaci uku da ɗaya na fitowa ne domin ƙwayar gado ta juyar da abokiyar zamanta ta koma kamarta. Winge bai yarda ba, ya ɗauki abin kuskuren gwaji ne ko aikin ƙwayoyi masu maimaita juna. Daga baya an tabbatar cewa juyawar nan gaskiya ce, tana faruwa jefi-jefi. A nan Winge ya yi kuskure, amma kuskuren mutumin da ya riga ya ga yadda lissafi ke ruɗin mai gaggawa. Ya ajiye aiki a 1956, ya rasu a Kofenhagen ran 5 ga Afrilu, 1964.

Bayan rasuwarsa da shekara 32, watau a 1996, aka gama karanta gadon yisti kaf: zare 16, ƙwayoyin gado wajen 6,000. Zuwa 2002 masana sun bi kusan dukkansu suna cirewa ɗaya-ɗaya, domin a ga wacce ce rai ba ya yiwuwa in babu ita. Hanyar gwajin ta Winge ce: a cire ƙwayar daga zare ɗaya na ƙwaya mai bibbiyu, a sa ta yi 'ya'ya huɗu, a ware su da allura, in biyu suka tsiro biyu suka mutu, to, ƙwayar ta tilas ce. Kusan ɗaya cikin biyar ce kurum ta zama haka. Saura kuwa, yisti ya rayu ba su, sau da yawa domin akwai wata mai riƙe aikin, kamar yadda aka gani a sha'anin maltos.

Har waɗanda aka ce na tilas ne ba su tsira daga tuhuma ba. A 2015 wasu masu bincike a Singafo suka ƙara haƙuri da 'ya'yan da ake zaton matattu ne, suka tarar cewa a kamar kashi 9 cikin 100 na irin waɗannan ƙwayoyi, 'ya'yan na farfaɗowa su ci gaba da yaɗuwa. Da aka duba, da yawansu sun ƙara wa kansu kwafin wani zaren gado, ƙarin ya toshe giɓin abin da aka cire. Wannan ya shafi asibiti kai tsaye, domin magani da yawa aikinsa shi ne ya tsai da abin da ƙwayar cuta ba ta iya rayuwa in ba shi. An ma ga wani ɗan'uwan yisti mai sa cuta, Candida albicans, yana ƙara kwafin wani sashe na zarensa na biyar, ta haka ya jure wa maganin fluconazole.