Waliyiya Luisa de Marillac, Malamar Masu Jinyar Matalauta

An haifi Luisa a ƙasar Faransa ran 12 ga Agusta, 1591. Ba ta taɓa sanin mahaifiyarta ba, mahaifinta kuwa ya rasu a 1604. Ta so ta zama sista, amma aka ƙi karɓarta saboda rashin ƙarfin jiki. A 1613 aka aurar da ita ga Antoine Le Gras, magatakardan sarauniya, suka sami ɗa guda.

Sa'ad da mijin ya kwanta doguwar rashin lafiya, zuciyarta ta shiga duhu ƙwarai. Ta ɗauka horo ne daga wurin Allah domin ba ta cika alkawarin da ta yi na ba da kanta ga hidimarsa ba, har ta soma shakkar ko akwai rai bayan mutuwa. Ranar Fentikos ta 1623, tana addu'a cikin wata majami'a a Paris, sai Ubangiji ya kwantar mata da rai. Ta ci gaba da jinyar mijinta har ya rasu a Disamba 1625.

Tun 1617 Fada Vinsent de Paul ya fara kafa ƙungiyoyin mata masu aikin sa kai a ƙauyuka, su kai wa marasa lafiya abinci, su yi addu'a tare da su. A 1629 ya aiki wannan gwauruwa ta zaga su. Takan tara matan, ta duba littafin kuɗinsu, ta gyara abin da ya lalace, ta koya wa yara mata katekizim. A Paris kuwa ta tarar da wata matsala: matan manya suna ba da kuɗi, amma ɗaukar tukunyar miya zuwa ɗakin matalauci ya fi ƙarfinsu, sai su aiki barorinsu, waɗanda ba su da zuciyar aikin.

Wata makiyayiyar shanu, Margarita Naseau, wadda ta koya wa kanta karatu, ta miƙa kanta domin wannan hidima. Annoba ta kashe ta a 1633, bayan ta kwantar da wata mai cutar a gadonta.

Ran 29 ga Nuwamba na wannan shekara Luisa ta ɗauki 'yan matan ƙauye kaɗan zuwa gidanta. A ganinmu nan ne babban aikinta yake, gama kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a shiga ɗakin mai baƙin ciki da ita ba. Ta koya musu karatu, haɗa magani, wanke miki, da yadda za su yi wa mai bakin mutuwa magana da ladabi, suna ganin Almasihu a cikinsa. Daga nan ƙungiyar 'Ya'ya Mata na Ƙauna ta tsiro. Ba a kulle su cikin gidan sistoci ba. Sun shiga asibitoci da kurkuku, suka kuma riƙe jariran da aka yar.

Ta rasu ran 15 ga Maris, 1660, wata shida kafin Vinsent. Paparoma Piyus na 11 ya sa ta cikin waliyai a 1934, a 1960 kuma Paparoma Yohanna na 23 ya naɗa ta waliyiyar Kiristoci masu aikin kula da jin daɗin jama'a.