Rudolf Diesel, ɗan baduku da injin babanmu

A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, babanmu na da rumfar niƙa da markaɗe. Waya ta iso rumfar, mita ma na nan manne a bango, amma da wutar layi muka dogara da tuni an rufe. Injin gas ke riƙe da gidanmu, shi ya biya mini rajista. Sai da na shigo poli na san ashe dizal sunan mutum ne.

An haifi Rudolf Diesel a Paris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne, babansa baduku mai ƙaramin shago. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870 sai suka gudu Landan, shi kuma aka tura shi wajen dangi a Augsburg yana ɗan shekara 12. Daga baya ya shiga kwalejin fasaha ta Munich, wato dai ɗan poli ne kamar mu, ya gama a 1880 da sakamako na yabo.

Abin da ya dame shi shi ne injin tururi na lokacin: kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin kwal a banza yake tafiya, ga girma ga tsada, sai manyan masana'antu. Shi kuwa so yake ƙaramin mai sana'a ya samu injin kansa a cikin shagonsa. Dabararsa ita ce a matse iska cikin silinda har ta yi zafi, a fesa mai, ya kama da kansa babu fulogi. An ba shi takardar mallakar fasahar a 1893, a 1897 kuma injin ya tashi sosai a Augsburg, yana cin moriyar kashi 26 na ƙarfin mai. A baje kolin Paris na 1900 har an nuna irinsa yana aiki da man gyaɗa, i, wannan dai na masu ƙuli-ƙuli.

Ya samu dukiya, ta kuma zube. Ranar 29 ga Satumba, 1913 ya hau jirgin ruwa daga Antwerp zuwa Ingila, aka wayi gari ba ya ciki. Bayan kamar kwana goma aka tsinci gawarsa a teku.

Burin nasa ya iso har rumfarmu, sai dai yanzu kuɗin gas na cinye ribar. Mai kemis na kusa da mu ya kafa sola da batir, firjinsa ba ya mutuwa. Hutun da ya wuce Baba ya tambaye ni ko rana za ta iya juya masa injin niƙa. Na san mota na zuƙar wuta mai yawa wajen tashi, amma lissafin faranti nawa da inbata nawa, wallahi na kasa. 'Yan ajin lantarki, wa zai zauna da ni mu buga lissafin nan kafin hutu?