Adrien Thilorier: Bafaranshen da ya fara samar da busasshiyar ƙanƙara

An haifi Adrien-Jean-Pierre Thilorier a birnin Paris a shekarar 1790. Ɗan lauya ne, amma hankalinsa ya karkata ga ƙere-ƙere, musamman injin matse iska.

A 1835 ya buɗe wata tukunyar ƙarfe da ya matse iskar kabon dayoksaid a cikinta har ta zama ruwa. Wani sashen ruwan ya ƙafe nan take, sanyin da hakan ya haifar kuma ya daskarar da ragowar, ya zama farin gari. Wannan ita ce busasshiyar ƙanƙara. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, kuma ba ta narkewa, sai dai ta koma iska kai tsaye, shi ya sa a yau ake jigilar abinci da wasu alluran rigakafi da ita ba tare da kaya sun jiƙe ba.

Sai dai aikin ya ci rai. A ƙarshen Disambar 1840, irin na'urarsa ta fashe a makarantar harhaɗa magunguna ta Paris, ta yi ajalin Osmin Hervy, ma'aikacin da ke shirya gwajin. Wannan matsin iskar ne ya sa har yau ba a toshe busasshiyar ƙanƙara cikin kwalba. Ba a kuma ɗaukar ta sai da safar hannu mai kauri don tana ƙona fata, ba a barin ta a rufaffen ɗaki ko mota don iskarta na shaƙe mutum.

Thilorier ya rasu a 1844. Littattafai sun daɗe suna kiran sa Charles bisa kuskure.