Ibn Jubair, Matafiyin Da Tuba Ta Fitar Daga Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Abul Husaini Muhammadu ɗan Ahmadu, wanda aka fi sani da Ibn Jubair, an haife shi a Balansiya ta ƙasar Andalus a shekara ta 1145. Ya yi karatun Alƙur'ani da Hadisi da adabin Larabci, har ya zama magatakardan gwamnan Garnaɗa.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana gwamnan ya tilasta masa shan giya kofi bakwai, sa'an nan ya yi nadama ya cika masa kofin da dinari sau bakwai. Wannan abu ya tsaya wa malamin a rai, sai ya ƙudura niyyar aikin Hajji da dukiyar domin neman gafara.

Ya bar Garnaɗa cikin watan Fabrairu na 1183, ya shiga jirgin ruwa a Sabta. Bayan kamar wata guda a Bahar Rum, suka sauka Iskandariyya ta bakin tekun Masar. Ya zaga birnin, ya hau hasumiyar nan mai nuna wa jirage hanya, ya yi salla a masallacin da ke ƙololuwarta. Ya ga makarantu da asibitin da Sarki Salahuddin ya tanadar wa baƙi, da gurasa biyu da ake ba kowane baƙo daga Magrib kullum. Amma bai rufe ido ga ɓarna ba. Ya rubuta yadda ma'aikatan kwastan suka birkice kayan mahajjata, suna karɓar zakka ba tare da tambaya ko dukiyar ta shekara ba.

Daga nan ya wuce Alƙahira, ya bi Kogin Nilu zuwa Ƙus, ya shiga hamada a kan raƙumi, daga rijiya zuwa rijiya. A hanya ya ga kayan masoro da kirfa a yashe, babu mai gadi, kuma babu mai taɓawa. A Aizab, tashar bakin Bahar Maliya, ya tarar da zafi da ƙarancin ruwa, da jirage waɗanda aka ɗinke katakonsu da igiyar kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya. Masu jiragen suna cusa mahajjata kamar kaji a akurki saboda kwaɗayin kuɗi. Ya yaba wa Salahuddin da ya soke harajin da ake ɗora wa kowane mahajjaci a can.

Ya yi watanni a Makka, ya ziyarci Madina da Bagadaza da Dimashƙa. A hanyar komawa jirginsu ya fashe a gaɓar Sikiliya, Allah ya kuɓutar da shi, ya isa gida a 1185. Littafinsa na Rihla ya zama abin dogaro ga masu tarihi, har an shigar da sassansa cikin littafin Ibn Baɗɗuɗa.

Daga baya ya sake komawa gabas har sau biyu, ya zauna Iskandariyya yana karantar da Hadisi, a can ya rasu a 1217.

Mahajjacin yau, da jirgin sama ke kai shi Jidda cikin 'yan sa'o'i, ya kamata ya gode wa Allah. Wanda kuma aka ɗora wa amanar mahajjata ya tuna cewa zaluncin wancan kwastan yana nan a rubuce bayan shekaru fiye da 800. Allah ya jiƙan Ibn Jubair, amin.